Fiɗar ƙashin baya: ƙaramar kafa ko buɗe baya, wanne ya fi?

Tun da muka taɓo zancen ciwon baya a filinmu na kiwon lafiya, tambaya guda ce ke ta dawowa, kuma galibi daga ƴan'uwanmu da ke bida take fitowa. Tsoho yana gida, ƙugu ya hana shi noma, an kai shi birni an yi hoto, likita ya ce sai fiɗa. Sai ɗansa da ke Libiya ko Abijan ko Faransa ya ga wani bidiyo a Facebook, wani asibiti na Indiya ko Turkiyya ko Tunusiya yana cewa su ba su yanka baya, ƴar kafa kawai suke hudawa, a yi aiki da safe, da marece mutum ya taka da ƙafarsa. To, a bari a yi a nan, ko a sayar da shanu a fitar da shi?

Amsar da muka samu a taƙaice ita ce, tsawon tabon da zai rage a fata ba shi ne babbar magana ba. Ƙaramar kafa tana da amfaninta na gaskiya, amma amfanin na kwanaki ne da makonnin farko. Bayan shekara ɗaya ko biyu, wanda aka huda da wanda aka buɗe kusan wuri ɗaya suke tsayawa. Abin da ya fi raba mai dacewa da mai nadama shi ne: shin fiɗar ma ta wajaba, an gane ainihin wurin da ciwon yake, kuma hannun wa za a shiga.

Abin da shekaru ke yi wa baya

Ƙashin baya ba ƙashi ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne a jere, wani bisa wani: 7 a wuya, 12 daidai haƙarƙari, 5 a ƙugu, sai na ƙasa da suka manne da juna. Tsakanin kowane biyu akwai wani faifai mai taushi, aikinsa irin na gammon da mace ke sawa kafin ta ɗora tulu. Gefensa da tauri, cikinsa da laushi da danshi. Ta bayan ƙasusuwan akwai rami da ya taso tun daga ƙeya har ƙasa. Nan laka take, kuma daga nan jijiyoyin da ke kai ji da motsi suke fita bibbiyu zuwa hannuwa da ƙafafu. Ita lakar kanta a saman ƙugu take ƙarewa. Daga nan zuwa ƙasa jijiyoyi ne a tattare kamar gashin wutsiyar doki, haka ma likitoci ke kiransu.

In girma ya zo, gammon nan yana bushewa ya lafe. Ƙasusuwa su matso kusa da juna, ƙananan gaɓoɓin da ke bayansu su yi kauri su fitar da tsiro. Daga nan abubuwa uku ne suka fi kai mutum gaban mai fiɗa, kuma za mu faɗi sunayensu yadda za ku gan su a takardar asibiti da faransanci, don in an turo maku hotonta a salula ku gane.

Na farko, gefen gammon ya tsage, na ciki ya ɓullo ya danne jijiya. Shi ne hernie discale. Ciwon yana tasowa daga ɗuwawu ya bi cinya har ƙafa, kamar an ja waya mai wuta, tari ko atishawa ma su tayar da shi. Wannan ciwon ƙafar shi ne sciatique. Ya fi faruwa a gammo biyu na can ƙasa, waɗanda ake rubutawa L4-L5 da L5-S1, kuma ba sai tsofaffi ba, magidanta masu shekara 30 zuwa 50 ya fi kamawa.

Na biyu, ramin jijiyoyin ne ke tsukewa a hankali, canal lombaire étroit. Wannan kam na dattawa ne. Alamarsa ba ta ɓuya: tsoho ya kama hanyar masallaci ko kasuwa, kafin ya yi nisa ƙafafu sun yi nauyi sun mutu, sai ya zauna ko ya duƙa kaɗan, ya ji sun sake, ya tashi ya ci gaba. Doguwar tsayuwar tarawihi ta gagare shi, amma ruku'u da zama suna ba shi sauƙi. Yana iya hawa keke ko jaki ya yi tafiya mai nisa lafiya lau, saboda sunkuyawa tana ɗan buɗe ramin.

Na uku, ƙashi ɗaya ya zame gaba daga kan ɗan'uwansa, spondylolisthésis. Ya fi yawa ga mata da suka haura 50.

Ga wani abu da ya kamata kowa ya riƙe kafin ya firgita da hoto. A 2015 wasu likitoci a Amurka sun tattara hotunan mutane fiye da 3,000 waɗanda bayansu ba ya ciwo ko kaɗan. An ga lalacewar gammo ga kashi 37 cikin 100 na masu shekara 20, da kashi 96 cikin 100 na masu shekara 80. Ke nan in aka sa kowane dattijo a garinku cikin injin IRM, kusan duka za a ga abin rubutawa. Furfura ce ta ciki. Hoto shi kaɗai ba ya sa a yi fiɗa, sai in abin da ya nuna ya yi daidai da inda mutum ke jin ciwo da abin da likita ya gani da ya duba ƙarfin ƙafa da jinta.

Mafi yawa ba su bukatar wuƙa

Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a 2020. Kaɗan ne ƙwarai cikinsu fiɗa za ta amfana. Ko mai sciatique da gammonsa ya tsage, galibi cikin mako 6 zuwa 12 ciwon yana lafawa, domin jiki da kansa yana tsotse abin da ya ɓullo a hankali. A ƙasar Holand a 2007 an raba marasa lafiya 283 gida biyu, wasu aka yi masu fiɗa da wuri, wasu aka ci gaba da magani da jira, sai in ya ƙi. Waɗanda aka yi wa da wuri sun riga samun sauƙi, wannan gaskiya ne. Amma da shekara ta zagayo, kusan kashi 95 cikin 100 na kowane ɓangare sun ce sun warke.

Kuma a lura da wannan, don nan ne ake yawan cin kuɗin mutane: fiɗa ta fi maganin ciwon da ke sauka ƙafa, ba ciwon ƙugun kansa ba. Wanda ƙugu kawai ke damunsa, babu abin da ke sauka, babu mutuwar ƙafa, da wuya fiɗa ta raba shi da ciwon, ko ta ƙaramar kafa ce ko ta babba. Abin da ya fi yi masa amfani shi ne tafiya a ƙasa kullum gwargwadon iko, motsa jiki wajen masu kine, rage ƙiba in akwai, da canza yadda ake ɗaga kaya. Kwanciya kwana da kwanaki bisa tabarma tana ƙara sandarar da baya ne.

A nan bari mu ɗan ratse. A ƙauyukanmu, in baya ya ƙi, sai a ce basir ne ko sanyi, a shiga jiƙe-jiƙe, a yi ƙaho, a yi tsaga, wasu har sakiya. Wasu kuma su koma wajen mai tallar magani a kasuwa, yau diklofenak, gobe tramol, har shekara. Diklofenak da danginsa in an daɗe ana sha suna cin ciki su taɓa ƙoda, musamman ga tsoho mai hawan jini ko ciwon suga. Tramol kuwa kowa ya ga abin da ya yi wa samarinmu. Duk waɗannan ba su buɗe ramin da ya tsuke.

Alamun da ba a jira da su

Akwai lokacin da zancen zaɓen kafa ƙarama ko babba ba ya ma tasowa. In mai ciwon baya ya kasa fitsari, ko fitsari da bayan gida suna zubo masa bai sani ba, ko ya ji tsakanin cinyoyinsa da wajen zama sun mutu, wato inda ke taɓa sirdi, ko ƙafa tana ƙara rauni yau ta fi jiya har yana jan ta, wannan na gaggawa ne. Jijiyoyin wutsiyar dokin nan ne aka shaƙe, kuma ana lissafin lokacin da awoyi da kwanaki kaɗan ne. Jijiyar da ta daɗe a danne ba lalle ta farfaɗo ba. Wanda ya tsaya neman fasfo da biza a wannan hali, yana iya samun fiɗar zamani ya dawo da robar fitsari har ƙarshen rayuwa. A kai shi asibiti mafi kusa da ke da mai fiɗar laka, a yi abin da ke akwai.

A wuya ma haka ne. In hannuwa sun fara sakin kofi, sa maɓallin riga ya zama aiki, tafiya ta koma kamar ta mai jiri, laka ce ake matsewa a wuya, kada a bari ya daɗe.

Sannan a ƙasarmu ba kowane ciwon baya ne na tsufa ba. Tarin fuka yana kama ƙashin baya ya cinye shi, a takarda za ku ga mal de Pott. Mai shi yana ramewa, yana zazzaɓi da gumin dare, ciwon ba ya barinsa ko yana kwance, wani lokaci ƙusumbi ya fito. Maganinsa ƙwayoyin tarin fuka ne na tsawon watanni, sau da yawa har shekara. Akwai kuma cutar da ake ɗauka daga ɗanyen nonon dabba da ba a tafasa ba, ita ma tana sauka a ƙugu. Likitan da ke aiki a nan ya saba da waɗannan, da su yake fara tunani.

Yadda ake yin kowace

To mu zo kan fiɗar. Ko wace hanya aka bi, aikin da ake yi a can ciki iri ɗaya ne: a cire abin da ya danne jijiya, guntun gammo ne ko ƙashi ko naman da ya yi kauri. Bambancin yana ga hanyar isa wurin. Kamar rumbu ne, ko ka ɗage jinka ka ga komai, ko ka zura hannu ta ƴar ƙofa. Hatsin da za ka ɗebo ɗaya ne.

A buɗe baya, ana yanka fata a tsakiya, tsawonta ya danganta da yawan ƙasusuwan da za a taɓa, daga santimita kamar 5 har 15 ko fiye. Ana ɓamɓare tsoka daga jikin ƙashi a ja ta gefe, likita ya ga wurin da idonsa. Tun 1934 ake wannan, lokacin da likitoci biyu a birnin Boston na Amurka, Mixter da Barr, suka nuna cewa tsagewar gammo ce ke kawo sciatique kuma ana iya cire ta. Illarta ita ce tsokar da aka ɓamɓare. Ita ke kawo yawan ciwon kwanakin farko da zubar jini.

A 1977 Yasargil a Suwis da Caspar a Jamus suka shigo da madubin fiɗa mai ƙara girman abu da haske. Da shi yankan ya ragu zuwa santimita 2 zuwa 4. Wannan ita ce hanyar da ta zama gama-gari a duniya wajen cire tsagaggen gammo, kuma abin lura, a littattafan likita har yanzu cikin buɗe baya ake lissafa ta. Ke nan in likita a Yamai ya ce zai buɗe, ba lalle yana nufin tsaga baya daga sama har ƙasa ba. A tambaye shi santimita nawa.

Ƙaramar kafa kuma iri biyu ce. Akwai ta bututu, wadda Foley da Smith suka fito da ita a Amurka a 1997: a huda fata, a zura bututu siriri, a bi shi da wanda ya fi shi kauri, har a kai faɗin santimita 2 ko kusa, tsoka ta buɗe ba tare da an yanke ta ba, a yi aikin ta cikin bututun. Akwai kuma ta kamara, wadda kafarta ba ta wuce santimita 1 ba. Likita yana kallon allo, ruwa yana wanke wurin, wani lokaci ma ba a sa mutum barci, wurin kawai ake kashewa. Duka biyun suna bukatar injin radiyo a cikin ɗakin fiɗa, ana ɗaukar hoto a kai a kai don kada a ɓata hanya, da wutar lantarki da ba ta yankewa, da kayan aiki masu tsada waɗanda wasunsu sau ɗaya ake amfani da su.

Kalmar leza da masu talla ke so kuwa, a yi hattara da ita. Hasken leza ba ya cire ƙashin da ya tsuke rami. An gwada ƙona cikin gammo da shi a Holand, waɗanda aka yi wa sun fi komawa a sake yi masu fiɗa. Sau da yawa ma abin da ake kira fiɗar leza a talla, ta kamara ce aka canza wa suna.

Da aka gwada su, me aka gani?

Abin da ƙaramar kafa ta fi da shi ba a musunsa: jini kaɗan ke zuba, ciwon kwanakin farko ya fi sauƙi, ana saurin tashi, kwanan asibiti ya fi kaɗan, kuma ruɓar rauni ta fi ƙaranci. Ga mai ƙiba sosai, wanda sai an yi yanka mai zurfi kafin a kai ga ƙashi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma ga warkewa ta dindindin, ga abin da aka samu. A 2009 a Holand an raba masu sciatique 328, rabi ta bututu, rabi ta madubi irin wadda aka saba. Bayan shekara, kashi 69 cikin 100 na ƴan bututu suka ce sun warke sosai, na ɗaya ɓangaren kuwa kashi 79. Wato sabuwar ba ta fi ba, ta ma ɗan gaza. A 2022, a wannan ƙasa dai, an gwada ta kamara da mutum 613. Wannan karon ta kamara ta yi daidai da tsohuwar, ta ma ɗan fi ta wajen rage ciwon ƙafa, amma da tazara ƙarama wadda masu binciken da kansu suka ce ba lalle mara lafiya ya ji bambancin ba. Yawancin ƴan kamara ranar suka koma gida. Waɗanda aka sake yi wa fiɗa cikin shekara kusan daidai suke, 5 da 6 cikin 100.

A binciken nan akwai abin da ya ja hankalinmu. Tun farko an ware marasa lafiya 125 ba a sa su cikin babban lissafi ba, saboda likitocin da suka yi masu aiki suna kan koyon hanyar ne. Kun ga ke nan, a ƙasar da ke da kayan aiki, ƙwararrun masu fiɗa ma sai da aka ba su mutanen koyo. Aiki ta ƴar kafa yana da wuyar hannu. Wurin gani ƙarami ne, mai sabon hannu yana iya barin guntun da ya danne jijiya, ko ya taɓa jijiyar, ko ya yaga fatar da ta lulluɓe ta. Shi ya sa a ganinmu, likitan da ya buɗe baya ɗaruruwa ya fi wanda ya sayi kamara bara.

Ga tsukewar rami ta dattawa ma haka zancen yake. A Norwe a 2015 an bi mutum 885, wasu an faɗaɗa masu ramin ta ƙaramin yanka da madubi, wasu an cire rufin ƙashin gaba ɗaya. Bayan shekara sauƙin da suka samu ɗaya ne, sai dai na farkon sun riga barin asibiti.

Kuma ko wace hanya aka bi, gammon da ya taɓa tsagewa yana iya sake ɓullowa. Ana samun haka ga kamar mutum 5 zuwa 15 cikin 100. Fiɗa tana cire abin da ya danne jijiya ne, ba ta mayar da baya na saurayi.

Zancen kusoshi

Tambayar da ta fi ta kafa nauyi, a jiki da aljihu, ita ce za a sa ƙarfe ko ba za a sa ba. Wani lokaci bayan an saki jijiya, ana ɗaure ƙashi biyu ko fiye da kusoshi da sanduna, a zuba garin ƙashi don su haɗe su zama ɗaya. A takarda arthrodèse ake rubutawa. Ana yin wannan a buɗe, ana kuma yin sa ta ƙananan kafofi. Yana da wurinsa: in ƙashi yana motsi da gaske, ko baya ya karkace sosai, ko an sha yin fiɗa a wurin.

Sai dai ba kowa ke bukatarsa ba. A Suwidin a 2016 an gwada da mutum 247 masu shekara 50 zuwa 80 da raminsu ya tsuke, wasunsu ma ƙashin ya ɗan zame. Rabi an saki jijiya kawai, rabi an ƙara da ƙarfe. Bayan shekara 2, har bayan 5, babu bambanci a sauƙin da suka samu. Masu ƙarfe dai sun fi zubar da jini, sun fi daɗewa a gado, kwana 7 maimakon 4, kuma kuɗinsu ya fi yawa. Wani ƙaramin bincike a Amurka a wannan shekarar ya ga ɗan fifiko ga ƙarfe in ƙashi ya zame, amma wanda aka yi a Norwe a 2021 da mutum 267 ya goyi bayan na Suwidin. Don haka in aka turo maku lissafin kuɗi daga waje kuka ga kusoshi 6 ko 8 a ciki, ku nemi a faɗa maku dalili, kuma ku kai hoton wajen wani likitan ya duba.

Wani abin kuma, ƙashi ba ya sauri don an huda ƙaramar kafa. Haɗewarsa tana cin watanni, wani lokaci har shekara. Fata ta warke cikin mako biyu, mutum ya ga ɗan tabo kamar na kaciyar ƙurji, ya ɗauka ya gama, ya koma ɗaukar buhu. Nan ake samun kusa ta saki. Mai shan taba ƙashinsa ya fi ƙin haɗewa, tsohuwar da ƙashinta ya yi laushi kuma kusa ba ta kama shi da kyau.

Akwai ma inda buɗewa ce ta fi dacewa tun farko: in wurare da yawa ne suka tsuke, in baya ya karkace, ko in tsohon tabon wata fiɗar ya manne da jijiya.

Gida ko waje

Masu fiɗar ƙwaƙwalwa da laka a Nijar kaɗan ne, kuma mafi yawansu a Yamai suke, a babban asibitin ƙasa da Hôpital Général de Référence. Mutumin Tasawa ko Madawa ko Matamai sai ya bi matakai, daga CSI zuwa asibitin gunduma, zuwa na jiha, kafin ya kai gare su, kuma hoton IRM shi kansa tafiya ce da kuɗi. Wannan wahala ce ta gaske, ba mu raina ta ba. Ita ce ke sa wasu su tsallaka Kano ko Sakkwato, masu hali kuma su hau jirgi.

Wanda ya yanke shawarar fita, ba mu ce kada ya fita ba. Amma kafin a tura ko dala, a sa a amsa waɗannan a rubuce. Mene ne sunan ciwon, kuma a wane ƙashi? Fiɗar ciwon ƙafa za ta rage ko na ƙugu? In ba a yi ba nan da wata shida, me zai faru? Shi likitan, da hannunsa, irin wannan aikin nawa yake yi a shekara? Kuɗin da aka faɗa ya haɗa da ƙarfe da kwanan asibiti da abin da ka iya tasowa? A lura kuma da wanda ake magana da shi a WhatsApp. Sau da yawa ba likita ba ne, dillali ne mai cin la'ada bisa kowane mara lafiya da ya kawo. Wanda ya ga hoto kawai, bai taɓa ƙafar tsoho ba, ya ce tabbas sai fiɗa kuma tabbas za a warke, maganarsa ta kasuwa ce.

Sannan a yi tunanin dawowa. Matsalolin fiɗa da yawa, kamar ruɓar rauni, ba a kwanan farko suke fitowa ba, sai mako biyu ko uku, lokacin an riga an dawo ƙauye. Wa zai duba? Tun kafin a tafi a samu likita a nan da ya san da zancen. A dawo da takardar bayanin aikin da aka yi, da hotunan kafin da bayan fiɗa, da sunan irin ƙarfen da aka sa, domin kusoshin kowane kamfani da irin makullinsu, in wata rana ta kama a cire. In takardar da ingilishi ko turkanci ce, a sa a fassara ta da faransanci. Doguwar zama a jirgi da mota bayan fiɗa tana iya sa jini ya daskare a ƙafa, don haka likita ne zai faɗi ranar tafiya, ba ranar ƙarewar biza ba.

Bayan an yi

In fiɗar ba ta gaggawa ba ce, manomi ya fi dacewa ya yi ta bayan an kai amfanin gona gida, ya samu rani ya murmure kafin shuka. Mai ciwon suga ya daidaita shi tukuna, mai taba ya bari. Bayan cire tsagaggen gammo, ana son mutum ya tashi ya taka tun ranar ko washegari, ya riƙa ƙara tafiya kullum. Aiki mai nauyi irin noma da jan guga da daka yakan jira mako 6 zuwa 12, gwargwadon abin da likita ya gani. In an sa ƙarfe, a lissafa wata 3 zuwa 6 ko fiye. Iyayenmu mata su ne abin ji a nan, domin da sun ga sun miƙe sai turmi da rijiya. Ƴaƴan da suka iya biyan kuɗin fiɗa, su ƙara da na wanda zai ɗebo ruwa da kai niƙa na ƴan watanni.

Kabu-kabu da amalanke bisa hanya mai gargada a makonnin farko a bar su. Salla a yi ta a zaune bisa kujera har likita ya ba da izinin ruku'u da sujada, addini ya yi sauƙi a nan. Ciwon ƙafa shi ke fara tafiya, amma mutuwar fata da raunin ƙafa suna iya ɗaukar watanni, wani lokaci ba su tafiya duka in jijiyar ta daɗe a danne.

Raunin, ƙarami ne ko babba, kada a shafa masa komai na gida, ko man shanu ko toka ko garin magani. In ya yi ja ya kumbura, ko yana fitar da mugunya, ko wani ruwa fari kamar na sha yana tsatsowa tare da ciwon kai da ke ƙaruwa in an tashi zaune, ko zazzaɓi ya zo, ko fitsari ya tsaya, a koma asibiti a ranar, a tafi da takardun aikin a hannu.